Jinkirin da ke tsakanin tauraro da iyakar gona

Duk wanda ya taɓa bin ayarin kwamitin kula da filaye zuwa bakin wani burtali, a ƙasar Maraɗi ko ta Tawa, ya san yadda aikin ke gudana. Mai gari na tsaye, arɗo na tsaye, masu gonakin da ke dab da hanyar dabbobi sun zo da ƴaƴansu, sai ma'aikaci ya fito da wata ƴar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, ya tsaya a kan tushen gamba ko gindin aguwa, ya ɗan jira, ya karanto lambobi a rubuta a takarda. Daga ranar nan lambobin sun zama shaida. Gamba tana iya mutuwa, aguwa a sare ta, dattijon da ya san iyaka ya kwanta dama, amma ana ganin lamba ba ta tsufa, ba ta kuma karɓar toshiyar baki. Abin da ba a cika faɗa wa mutanen da ke tsaye a wurin ba shi ne, in ma'aikacin ya auna wannan tushen gamba da sassafe, ya komo kansa da ƙarfe biyu na rana, na'urar tana iya ba shi wasu lambobi dabam, masu nuna wani wuri da ke metir uku ko biyar, wani lokaci fiye, daga inda ƙafarsa take. Gamba ba ta gusa ba, na'ura kuma lafiyarta lau. Iskar da ke bisa kansu ce ta sake hali.

Kafin a gane wannan sai an san abin da na'urar ke aunawa. GPS, wanda sojojin Amurka suka harba tauraronsa na farko a 1978 suka kuma bayyana kammaluwarsa a 1995, tsari ne na taurarin ɗan adam aƙalla 24 da ke kewaya duniya sau biyu a kwana guda, daga nisan kimanin kilometir dubu 20. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba ya fasa aiko da saƙo ta igiyar rediyo mai cewa ga inda yake, ga kuma lokacin da saƙon ya bar shi. Na'urar da ke hannu ba ta aika kome, saurare kawai take yi. Tana duba lokacin da saƙon ya iso, ta cire lokacin da ya taso, ta ninka abin da ya rage da gudun haske, wato kilometir dubu 300 a daƙiƙa guda, sai ta sami nisan tauraron. Da taurari huɗu ta san inda take: uku domin wuri, na huɗun domin gyara agogonta, wanda na araha ne. Tafiyar saƙon gaba ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. A irin wannan gudu, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya zama metir 300 a ƙasa, kashi ɗaya cikin miliyar kuwa santimetir 30.

Lissafin ya yi kama da na mutumin da ke son sanin nisan wani gari ta wurin manzo. Ya san gudun dokin, ya san manzon ya taso da asuba, ya ga ya iso da la'asar, sai ya ce garin na da nisa kaza. Lissafinsa daidai ne muddin hanyar fako ce tun daga farko har ƙarshe. In akwai rairayi a tsakani, doki ya yi ta nutsa ƙafa, manzo zai makara, mai lissafi kuma ya ƙara wa garin nisan da ba shi da shi. Saƙon tauraro na yin mafi yawan tafiyarsa cikin sarari wofi, inda babu abin da ke tare shi. Sai a kilometir dubu na ƙarshe yake tarar da abin da zai riƙe masa ƙafa, kuma iri biyu ne, kowanne da halinsa da maganinsa.

Na farko yana can sama, daga kimanin kilometir 60 zuwa 1000, masana na kiran sa iyonosfer. Iskar wurin ba ta da kauri, kuma wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani yana farfasa ƙwayoyinta, ya saki ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektoron su yi ta yawo. Masu sauraron rediyo sun daɗe da sanin wannan rufi ko da ba su san sunansa ba. Shi ne ke maido da igiyar gajeren zango ƙasa har mutum a Tasawa ko Madawa ya kama Landan, kuma sauyinsa ne ke sa tashar matsakaicin zango da ba a jin ɗuriyarta da rana ta fito tangaram da dare. Baturen Ingila Edward Appleton ne ya tabbatar da samuwarsa ta hanyar gwaji a 1924, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1947. Igiyar GPS ta fi ƙarfin a maido ta. Ratsa rufin take yi ta wuce, amma gwargwadon yawan elektoron da ta ci karo da su, gwargwadon makararta.

Ga tauraron da ke tsaye bisa kai, jinkirin kan kama daga metir 1 ko 2 cikin dare zuwa metir 10 ko 15 da rana tsaka, ya kuma wuce haka a ƙasashen zafi. Wanda ke can gefe, inda sama ta haɗu da ƙasa, saƙonsa na ratsa rufin a karkace, sai jinkirin ya ninka kusan sau uku. Bayan dare da rana akwai kuma halin ita ranar kanta, wadda ke tashe tana lafawa a zagayen kimanin shekara 11. Ta lafa a ƙarshen 2019, a watan Oktoba na 2024 kuma hukumomin Amurka suka bayyana cewa ta kai ƙololuwar tashenta. A ranar 10 ga Mayu na wannan shekara ta 2024 guguwar da ta taso daga rana ta hargitsa iyonosfer, har manoma da yawa a tsakiyar Amurka, waɗanda taraktocinsu ke bin layin shuka da GPS, suka dakatar da aiki a daidai lokacin da ƙasa ke jiran iri.

A nan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Da jinkirin ɗaya ne ga dukan taurari, da ba a sami damuwa ba, domin na'urar za ta ɗauke shi a matsayin kuskuren agogonta ta zubar. Ɓarnar tana cikin bambancin da ke tsakaninsu: wannan ya makara da metir 6, wancan da 17. Kuma tun da taurarin da na'urar ke ji duka a sama suke, babu ko ɗaya daga ƙarƙashin ƙasa da zai daidaita su, mafi yawan kuskuren kan taru ne a awon tudu, wato tsawon wuri bisa teku. Mai neman rijiya a Tenere bai damu da wannan ba. Mai haƙa magudanar ruwa da matuƙin jirgin sama sun damu.

Har zuwa shekarar 2000 farar hula ba su cika kula da wannan jinkiri ba, domin akwai wanda ya fi shi. Sojojin Amurka da gangan suke gurɓata saƙon da kowa ke kamawa, har kuskure ya kai metir 100. A farkon watan Mayu na 2000 shugaba Bill Clinton ya ba da umurni aka daina. Da wannan hayaƙi ya washe, sai iyonosfer ya fito fili a matsayin babban abin da ya rage ga na'ura mai zango ɗaya.

Magani na farko, wanda ke cikin kowace ƙaramar na'ura, kintace ne. Wani masani Ba'amurke, John Klobuchar, ya tsara wani gajeren lissafi da aka buga a 1987, wanda ke ɗaukar cewa jinkirin na hawa bayan fitowar rana, ya kai ƙarshe da ƙarfe biyu na rana a agogon wurin, ya sauko, cikin dare kuma ya tsaya a kimanin metir ɗaya da rabi. Taurarin na aiko da lambobi 8 tare da saƙonsu, na'urar ta zuba su cikin lissafin, ta rage abin da ya fito. An yi shi ne domin na'urori masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma mai shi bai yi alkawarin fiye da rabin jinkirin ba. Da babu gara ba daɗi. Tsarin Turai, Galileo, wanda ya fara aiki a Disamban 2016, na amfani da wani lissafin mai suna NeQuick da aka gina a Trieste ta Italiya da Graz ta Ostiriya. Lambobi 3 kawai ake aiko masa, amma ya fi na farko sanin siffar rufin, an kuma tsara shi ya kawar da kimanin kashi 70 cikin 100.

Magani na biyu ya fi ban sha'awa, domin awo ne na gaske. A koma kan manzon nan. A ɗauka manzanni biyu suka taso lokaci guda, ɗaya bisa doki ɗaya bisa raƙumi, gudunsu ɗaya a kan fako, amma an san rairayi ya fi riƙe doki da wani adadi sananne. In sun iso, tazarar da ke tsakaninsu kaɗai ta isa ta faɗi yawan rairayin da suka ratsa. Haka iyonosfer yake: yana riƙe igiya mai ƙaramin bugu fiye da mai babban bugu, bisa ƙa'idar da ba ta sakewa. GPS na aiko da saƙo a zangon L1, mai megahaz 1575 da ɗoriya, da kuma L2, mai 1227 da ɗoriya. In na farkon ya makara da metir 10, na biyun zai makara da kusan 16 da rabi. Na'urar da ke jin duka biyun ta ga tazarar metir 6 da rabi, ta ninka da kimanin ɗaya da rabi, ga jinkirin ya fito, ta cire shi kusan kaf. Da farko zango na biyu na soja ne, sai manyan na'urorin masu awon ƙasa, masu tsadar gaske, da ke iya cin moriyarsa ta wata dabara. Daga 2005 aka fara harba taurari masu saƙon farar hula a L2, daga 2010 masu zango na uku, L5, a 2018 kuma kamfanin Xiaomi ya fitar da salula ta farko mai jin zango biyu. Sai dai ƙaramar eriyar salula na da nata kurakuran, waɗanda ba su shafi sama ba, saboda haka jin zango biyu bai mai da ita kayan awon ƙasa ba.

To, ina Nijar ta tsaya a cikin wannan? A wuri mai wuya. Bayan layin da ya raba duniya biyu a taswira akwai wani na maganaɗisun ƙasa, wanda a Afirka ta Yamma ya ratsa wajen digiri 10 arewa, wato kudu kaɗan da Yamai, Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke tsakanin digiri 13 da 14. Bisa wannan layi, da rana, wani ƙarfin lantarki na tura elektoron sama kamar ruwan maɓuɓɓuga, su zubo gefe biyu su taru a wasu ɗamaru biyu, kimanin digiri 15 arewa da kudu da layin. Appleton ne dai ya bayyana wannan a 1946, ana kuma kiran abin da sunansa. Ƙasar nan tana kan gangaren da ke tsakanin kwarin da ɗamarar arewa, inda kaurin rufin ke sakewa da sauri daga wuri zuwa wuri, abin da lissafin Klobuchar bai san da shi ba. Bayan faɗuwar rana kuma wata fitinar ke tasowa: ƙasan rufin ya yage, wasu manyan kumfa marasa elektoron su taso su ratsa shi, saƙon da ya bi ta cikinsu ya riƙa ƙyaftawa kamar fitila cikin iska, har na'ura ta saki tauraron ɗungum. Wannan ya fi yawa daga bayan magariba zuwa tsakar dare, musamman a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, a shekarun da rana ke tashe. Zango biyu na maganin jinkiri, amma ba ya maganin saƙon da ya yanke.

Rairayi na biyu shi ne iskar ƙasa da ake shaƙa, toroposfer, wadda mafi yawanta ke cikin kilometir 15 na farko. Ita ba ta bambanta doki da raƙumi. Kamar kogi take wanda dukansu za su jira jirgin fito ɗaya, saboda haka dabarar zango biyu ba ta cin ta. Sa'ar da aka yi, kashi 90 cikin 100 na jinkirinta daga nauyin iskar ne kawai, kimanin metir 2 da santimetir 30 a bakin teku ga tauraron da ke bisa kai, ya ɗan ragu a kan tudu. Wanda ya san nauyin iska a wurin yana lissafa shi har zuwa ƴan milimetir, da ƙa'idojin da Helen Hopfield ta fitar a 1969 da Jouko Saastamoinen a 1972. Ga tauraron da ke digiri 5 kawai bisa ƙasa jinkirin na ninkawa sau goma, shi ya sa masu awo ke umurtar na'ura ta ƙyale duk wanda bai kai digiri 10 ko 15 ba. Ragowar, ta tururin ruwa, ƙarama ce, ba ta cika wuce santimetir 40 ba, amma ba ta da alƙibla. A Yamai, cikin hunturu, ba ta wuce ƴan santimetir ba, a tsakiyar damana kuwa ta kusan 30, kuma hadari guda na iya sake ta kafin la'asar.

Faɗuwar wani tashin wani. Tun a 1992 masana suka nuna cewa na'urar da aka kafa a wurin da aka riga aka san lambobinsa tana iya juya lissafin, ta mai da jinkirin ma'aunin ruwan da ke rataye a sama: kowane milimetir ɗaya na ruwa na jawo jinkirin kimanin milimetir 6 da rabi. A lokacin babban binciken damanar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, an kafa tashoshi shida na GPS tsakanin 2005 da 2006, a Yamai, Gawo, Tumbutu, Wagadugu, Tamale da Jugu ta Benin. Dare da rana suka riƙa nuna yadda laima ke hawowa daga teku kafin ruwan fari, da yadda take janyewa da kaka, aka kuma gano da su cewa wasu na'urorin da ake saki da balan-balan domin awon laima na yin kuskure. Abin da mai awon ƙasa ke neman kawarwa, shi mai hasashen damana ke nema ruwa a jallo.

Akwai magani na uku, wanda ke cin iri biyun a lokaci guda. Maƙwabta biyu da ke ƙarƙashin hadari ɗaya, ruwan da ya doki wannan ya doki wancan. In aka kafa na'ura a kan turken da aka san lambobinsa daidai, duk abin da ta karanto wanda ya saɓa wa gaskiya kuskure ne, kuma kusan shi ne kuskuren na'urar da ke aiki a kusa da ita. Sai ta aika mata ta cire. Da manyan na'urori, cikin kilometir 10 zuwa 20, ana samun daidaiton ƴan santimetir. In nisa ya ƙaru, sama ta bambanta, amfanin ya ragu, kuma a yankin nan ya fi saurin raguwa da yamma.

Jiragen sama na bukatar wannan gyara a faɗin nahiya guda, tare da gargaɗi cikin ƴan daƙiƙu in saƙon ya ɓaci. Amurka ta buɗe nata tsarin, WAAS, a 2003: tashoshi a ƙasa na auna rufin, wani tauraro ya watso gyaran. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara guguwar rana ta sa tsarin ya janye jagorancin sauka na sa'o'i da dama a kwana biyu jere, wato ya yi abin da aka gina shi ya yi, ya ce kada a dogara da shi. Na Turai, EGNOS, ya sami izinin hidimar jirage a 2011. Ba a iya miƙo shi kudu haka kawai ba, domin lissafinsa na samaniyar Turai ne mai natsuwa. Indiya ma da ta gina nata sai da ta sake wa rufin lissafi. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 kuma makarantarta ta EAMAC ke Yamai, ta fara ne da kafa tashoshin nazarin iyonosfer a Dakar, Wagadugu, Lome, Duwala da Njamena. A Satumban 2020 aka fara watsa saƙon gwaji ta tauraron Najeriya NigComSat-1R, a Janairun 2021 kuma jirgi ya yi saukar gwaji da shi a Lome. Amfanin a bayyane yake ga ƙananan filayen jirgi da ba su da kayan saukar da jirgi cikin hazo, kuma duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgi saboda ƙurar hunturu ya san darajar abin.

A komo bakin burtali. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta haifi kwamitocin filaye, ta zo ne ƙasa da shekara biyu bayan abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a Oktoban 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Babu mai gardama cewa rubuta iyaka da lambobi ci gaba ne. Amma iyaka mai tsawon metir 100 da ta gusa da metir 5 ta kwashe murabba'in metir 500, wato kashi ɗaya cikin ashirin na hekta, kuma burtalin da faɗinsa bai wuce metir 30 ba, in aka ci biyar ta kowane gefe, sulusinsa ya tafi. Hatsarin bai cika fitowa a ranar awo ba, domin kusurwoyin da aka auna cikin sa'a guda kan gusa tare. Yana fitowa ne ranar da aka komo bayan shekaru, da wata na'ura, a wani lokaci na yini, a ce za a nemo turken da ya ɓace. Lambar da aka ɗauka da safiyar hunturun 2019, rana na kwance, da wadda aka karanta da azahar ɗin Oktoban 2024, rana na tashe, ba ƙarƙashin sama ɗaya aka same su ba, kuma alƙalin da aka kawo wa su biyun ba zai ga wannan a takarda ba.

Gyaran bai fi ƙarfin kwamiti ba. Takardar iyaka ta faɗi irin na'urar da aka yi aiki da ita, da rana da sa'a, da girman kuskuren da na'urar kanta ta nuna. A yi awo da safe, a guji bayan magariba, a bar na'ura ta daɗe a kan kowace kusurwa ta tara karatu da yawa. A kafa turken siminti a gaban shaidu, domin lambar ƙaramar na'ura aikinta ta kai mutum kusa da turke, turken ne ke yanke magana. Filin da kuɗinsa ko rikicinsa ya yi nauyi, kamar fegi a Yamai ko fadama a Gulbin Maraɗi, a kira mai awon ƙasa da na'ura mai zango biyu, da ta biyu kafe a kan sanannen turke, ya kuma rubuta a takarda wane turke ne.